Koyar da Haɗa Ƙasar Reno a Makarantun Noma na Maiduguri: Daga Haddar Ma'auni zuwa Gwajin Hannu

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake koya wa ɗalibai haɗa ƙasar da ake renon iri da dashe a cikinta, ta la'akari da yanayin Maiduguri da kewayenta. Kiran da take yi shi ne kada darasin ya tsaya ga haddace ma'aunin haɗi da aka kwaso daga littafi. A koya wa ɗalibi ya auna halin ƙasar da kansa: iskar da ke cikinta, ruwan da take riƙewa, gishirinta da tsabtarta. Takardar ta bi asalin ma'aunan da muke koyarwa, ta duba kayan haɗin da ake samu a garin, ta kawo gwaje-gwaje masu araha, sannan ta nuna abin da aji zai ƙaru da shi daga manoman masakwa na Borno.

1.0 Gabatarwa

Darbejiyar da ke yi wa titunan Maiduguri inuwa baƙuwa ce. Asalinta daga yankin Indiya take, kuma a shekarar 1928 aka kawo ta Najeriya, ta fara kafuwa a Lardin Borno. Layukan da muke fakewa a ƙarƙashinsu da rana tsaka ba su fito da kansu ba. Wasu ne suka tara ƙasa, suka zuba iri, suka yi ta ban ruwa har dashen ya isa kai wa bakin titi.

Buƙatar irin wannan aiki ta ninka a yau. Borno na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya ratsa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Kowane ɗaya daga cikinsu dashe yake ci. Ga masu lambu a bakin kogin Ngadda da kewayen madatsar Alau da kwarin Jere, waɗanda tumatir da tattasai da albasarsu duk daga komin reno suke farawa. Ga kuma iyalan da rikici ya raba da gonakinsu tun daga 2009, waɗanda da yawansu a buhu da bokiti suke shuka ɗan ganyen miya.

Makarantu ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai Tsangayar Noma a Jami'ar Maiduguri, jami'ar da aka kafa a 1975, akwai Kwalejin Noma ta Mohamet Lawan, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat, akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, ga sakandare masu koyar da kimiyyar noma don jarrabawar WAEC da NECO. Tambayar da ke gabanmu ita ce: ɗalibin da ya fito daga ajinmu, in aka ajiye masa tulin ƙasa da tulin taki da leda dubu, zai iya faɗin ko dashe zai rayu a cikin haɗin kafin a yi asarar iri?

2.0 Inda ma'aunin littafi ya fito

Abin da aka fi rubuta wa ɗalibi a allo shi ne lissafi: ƙasar sama kashi 2, yashi kashi 1, taki kashi 1, ko wani ma'auni makamancinsa. Ya kwafa, ya haddace, ya mayar a jarrabawa.

Al'adar haɗa ƙasa da ma'auni tana da tarihi mai daraja. A shekarun 1930 William Lawrence da John Newell, a Cibiyar John Innes da ke Ingila, sun gaji da mutuwar tsirran da suke bincike a kansu, suka shiga gwaji har suka fitar da haɗi tsayayye. Na shuka iri: ƙasa mai laushi kashi 2, pit kashi 1, yashi kashi 1. Na tukunya: kashi 7 da 3 da 2. Pit ɗin nan ruɓaɓɓen gansakuka ne da ake haƙowa daga dausayin ƙasashen sanyi. A 1957 Jami'ar Kalifoniya ta fitar da nata tsarin a ƙarƙashin Kenneth Baker, na pit da lallausan yashi. A shekarun 1960 Boodley da Sheldrake na Jami'ar Cornell suka cire ƙasa gaba ɗaya, suka haɗa pit da wasu duwatsu marasa nauyi da ake gasawa su kumbura.

Abin lura shi ne waɗannan mutane sun fayyace kowace irin ƙasa suke nufi, wane irin yashi, mai wane kauri, kuma sun turara ƙasar da zafi don kashe cuta. Ma'aunin sakamakon gwaji ne a kan kayan da ke hannunsu. Mu lambobin muka gada, gwajin kuwa muka bar shi a can.

A Maiduguri wannan gibi yana da tsada. Yawancin abin da mai tifa zai sauke maka da sunan ƙasar sama a nan jigawa ce, yashi ne ya rinjaye ta. Ɗalibin da ya bi littafi ya ƙara mata yashi kashi 1, ya ƙara yashi a kan yashi ke nan. Ruwa zai wuce ta cikin ledar nan take, ya tafi da abincin da ke cikin takin, kafin azahar dashen ya langaɓe. Abokin karatunsa da ya ɗebo baƙar ƙasar firgi daga wajen Dikwa ko Mafa, ya bi wannan ma'auni ɗaya, zai ga akasin haka: ƙasar ta kumbura in ta jiƙa, ta toshe iska, in ta bushe ta tsage ta tsinka saiwa. Dukansu biyu sun ci jarrabawar takarda, kuma dukansu sun kashe dashe.

3.0 Abin da saiwa ke nema a cikin leda

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya gane shi ne ƙasar cikin leda ba ta yin halin ƙasar gona, ko da daga gonar aka ɗebo ta. A gona ruwa na da zurfin da zai bi ya sauka. A leda ko tire, in ya kai gindi sai ya tsaya, wani sashe na ƙasan mazubin ya zauna a jiƙe sharkaf ko da an huda shi. Tsayin wannan jiƙaƙƙen sashe ya danganta ne da laushin haɗin, bai damu da tsayin mazubin ba. Shi ya sa haɗin da ya yi daidai a doguwar ledar itace yake shaƙe tsiro a gajeren tiren tumatir. Ana iya nuna wannan a aji da soson katifa: a jiƙa shi a kwantar har ya daina ɗiga, sannan a miƙar da shi tsaye, sai ruwa ya sake zubowa. Ƙasar reno ma haka take. Daga nan ɗalibi zai fahimci dalilin da ya sa zuba tsakuwa a gindin tukunya ba ya taimakon magudana, sai dai ya ɗaga jiƙaƙƙen sashen ya matso kusa da saiwa.

Saiwa numfashi take yi. Ana so bayan ruwa ya tsane a sami kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na mazubin iska ce zalla. Ana so haɗin ya riƙe ruwan da zai kai tsiro daga wannan ban ruwa zuwa na gaba, abin da ke da wuya a garin da zafinsa ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu. Ana so kada tsami ko kanwa su yi yawa. Yawancin tsirrai sun fi walwala a ma'aunin pH na 5.5 zuwa 6.5, kuma idan ya haura 7 sosai sinadarin ƙarfe kan ƙi shiga saiwa, sabon ganye ya fito rawaya. Ana so gishiri ya yi ƙaranci, cuta da irin ciyawa su kau.

Akwai kuma bambancin da ɗalibai kan tsallake, tsakanin ƙasar tsirar da iri da ƙasar renon dashe. Ƙwayar iri da guzurinta take zuwa, a kwanakin farko danshi da iska da laushi kawai take nema. Taki mai ƙarfi a wannan mataki cutarwa ce. Sai ganyen gaskiya ya fito ne buƙatar abinci ke tasowa. Manomi da ɗalibi duk sukan ɗauka yawan taki shi ne gata, kuma wannan zato ne ya fi kowane wuyar cirewa.

4.0 Kayan haɗin da ke hannunmu

Ba mu da pit, kuma ba na ganin rashinsa abin baƙin ciki ne. Ƙasashen da ke da shi ma suna neman rage haƙarsa saboda ɓarnar da yake yi wa dausayi. Zaren ɓawon kwakwa yana da kyau, amma daga nesa yake zuwa, kuɗinsa ya fi ƙarfin gonar makaranta. Abin da muke da shi yana da yawa, sai dai kowanne da halinsa.

Taki shi ne kan gaba. Garin da ke da Kasuwar Shanu irin ta Maiduguri ba zai yi kukan kashin dabbobi ba. Matsalar ita ce wanda ake sayarwa yawanci busasshe ne, bai ruɓe ba, kuma ɗalibai kan ɗauki bushewa a matsayin ruɓewa. Busasshen kashin shanu da aka cusa a leda, da ya sha ruwa sai ya fara ruɓarsa a can ciki: ya yi zafi, ya saki amoniya, ya ƙone saiwar da ta fara leƙowa. Kashin kaji ya fi tsanani, gishirinsa da amoniyarsa sun fi yawa. Na awaki da tumaki ya fi sauƙin kai, amma yana ɗauke da iri. Duk wanda ya taɓa amfani da shi ya ga bagaruwa da gawo suna tsirowa a ledar da ba a shuka su ba, domin bin cikin akuya na sassauta ɓawon ƙwayarsu. Maganin duka shi ne a tara, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa. Tulin da ya kama aiki yakan kai digiri 55 zuwa 65 a tsakiyarsa, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Bayan wata 2 zuwa 3 zai huce, ya yi baƙi, warin ya koma ƙamshin ƙasa, ba a iya gane asalin abin da aka tara. Kafin nan bai isa shiga leda ba. Ɗalibin da ya tura hannunsa cikin tulin a mako na farko ya ji zafin, ba zai ƙara zuba ɗanyen taki a kan iri ba.

Ɓuntun shinkafa dukiya ce da muke wucewa a gefen hanya. A Zabarmari da sauran garuruwan Jere, inda ake casar shinkafa, tuli yake yi har a cinna masa wuta. Ba shi da nauyi, lita ɗaya ba ta fi giram 100 da 'yan kai ba, kuma ba ya saurin ruɓewa saboda sinadarin silika da ke jikinsa, don haka yana buɗe wa haɗi kafofin iska na tsawon lokaci. Ɗanyensa ba ya riƙe ruwa sosai, kuma yakan zo da ƙwayar shinkafa da ta ciyawa. Idan aka babbaka shi a hankali ya zama gawayi ba tare da ya koma toka ba, kamar yadda manoman Japan da Filifin suka daɗe suna yi, sai ya tsarkaka, ya ƙara riƙe danshi. Abin da ake buƙata tsohuwar garwa ce da aka huda, da bututun hayaƙi. Sai dai gawayin na jan haɗi zuwa ɓangaren kanwa, kuma ruwan wasu rijiyoyinmu ma can yake ja, saboda haka ba a cika shi.

Garin katako daga wurin masu yankan katako kyauta ne ko kusa da haka, shi ya sa ɗalibai ke rububinsa. Tarko ne. Kabon ɗinsa ya ninka naitirojin sau ɗaruruwa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi kuwa sai sun ci naitirojin, sai su wawashe wanda ke cikin ledar, dashe ya tsaya cak ya yi rawaya. Sai an haɗa shi da kashin kaji an bar shi ya ruɓe watanni kafin ya amfanar. Ɓawon gyaɗa da aka daka ya fi shi sauƙi, ko da yake gara na son sa.

Yashin rafi mai kauri yana buɗe ƙasa mai laka. Lallausan rairayin da iska ke tarawa kuwa cike kafofin yake yi, haɗin ya ƙara tauri. Ƙasar shuri, in an daka an tankaɗe, tana ba jigawa ɗan yumɓun da zai riƙe ruwa da abinci. Kaɗan ake sawa. Tunkuzar darbejiya, wato abin da ya rage bayan an matse man ƙwayarta, taki ce kuma tana rage tsutsar da ke kumbura saiwa.

Ƙasar bola tana buƙatar gargaɗi na musamman. Baƙa ce, tana da maiƙo, masu sayar da furanni a bakin titi suna son ta. Amma juji na birni ba jujin ƙauye ba ne: akwai fasassun batura, akwai tokar taya da leda, kuma dalma da makamantanta ba sa ruɓewa. Ga itacen inuwa ana iya sassautawa, ga latas da alayyafo da za su shiga tukunya ban yarda ba. Haka lakar da ambaliyar 10 ga Satumbar 2024 ta shimfiɗe a unguwanni bayan ɓallewar madatsar Alau: ruwan ya bi ta masai da magudanai kafin ya kwanta, don haka laushinta kada ya ruɗi kowa ya kwasa ya zuba wa kayan miya.

Nauyi ma darasi ne. Ledar lita ɗaya da aka cika da ƙasa da yashi ta jiƙa takan kai kilo ɗaya da rabi. Dashe 1,000 tan ɗaya da rabi ke nan. Wanda zai kai su Gubio ko Monguno ya san bambancin da ɓuntu kashi ɗaya zai yi wa motarsa da kuɗin mai.

5.0 Darasin masakwa

Mukan koyar da reno kamar ilimin da ya zo mana a jirgi, alhali Borno na da tsohuwar makarantarsa. Masakwa dawa ce da ake dasawa bayan damina a firgin Dikwa, Marte, Ngala da Bama, ta girma da danshin da laka ta riƙe, a girbe ta a Janairu ko Fabrairu ba tare da ta ga ruwan sama ba. Manomanta, Kanuri da Larabawan Shuwa, ba sa zuba irin a cikin firgin. Sukan nemi wuri mai yashi a tudu su yafa shi a Agusta zuwa Satumba. Bayan kwana 30 zuwa 40 su tuge, su datse ganyen, su huda laka da ƙaton turke, su zuba ɗan ruwa a ramin, su sa dashen. Kuma ba sa zuba irin a rana ɗaya, sukan rarraba shi, domin ba wanda ya san ranar da ruwa zai janye daga fili.

A wannan aiki kaɗai akwai rabin manhajarmu. Sun raba ƙasar reno da ƙasar girma. Sun zaɓi yashi domin dashe ya tugu ba tare da saiwa ta tsinke ba, kuma kada ruwan Agusta ya shaƙe shi. Datse ganye rage asarar ruwa ne kafin saiwa ta kama. Rarraba zubi kuwa tsarin lokaci ne. Yawancin ɗalibanmu na yanzu a cikin gari suka tashi, wasu a sansanin gudun hijira, ba su taɓa ganin dashen masakwa ba ko da kakanninsu sun yi ta yi. Amma manoman suna nan cikin Maiduguri, da yawansu rikici ne ya kawo su. Ina ganin ya dace kowane sashen noma ya gayyaci irin wannan dattijo ya tsaya gaban aji, da Kanuri ko Hausa, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane malami baƙo, sannan malamin aji ya ɗora bayanin kimiyyar a kan abin da ya faɗa.

6.0 Gwaje-gwajen da ba sa buƙatar ɗakin bincike

Uzurin da aka fi kawowa shi ne rashin kayan aiki. Mafi yawan abin da nake ba da shawara a kai gorar ruwa da kofin awo da agogon waya sun ishe shi.

A fara da tantance ƙasar kanta. A zuba ta a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa da ɗan garin sabulu, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, turɓaya mai laushi cikin 'yan sa'o'i, yumɓu sai ya kwana ko ya fi. Ɗalibi ya sa rula ya auna kowane hawa. Idan kowa ya kawo ƙasar unguwarsu, aka jera kwalaben a kan tebur, maganar ma'auni ɗaya ga kowace ƙasa ta mutu a ranar.

Gwajin da na fi ba muhimmanci shi ne na iska da ruwa. A yanke gora ta zama lita ɗaya, a huda gindinta, a liƙe hujin. A cika ta da busasshen haɗi. A riƙa zuba ruwa daga kofin awo a hankali har ya taso daidai da saman haɗin, a rubuta adadin da ya sha. Sannan a buɗe hujin a tari abin da ya tsane. A ce ya sha mililita 500, ya mayar da 150: kafofinsa duka kashi 50 ne cikin 100, na iska kashi 15, ruwan da ya riƙe kashi 35. Wannan lissafi ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya shi. A raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya riƙa ƙara ɓuntu ko taki ko ƙasar shuri yana sake aunawa har ya kai inda ake so. Ma'aunin da suka fitar a ƙarshe nasu ne, na kayan da ke gabansu, kuma sun san dalilin kowace lamba. A sa su maimaita da mazubi gajere da dogo su ga yadda lambar iska ke sauyawa.

Gishiri ana auna shi da ƙaramar na'urar hannu, a haɗa ƙasa kashi 1 da ruwa mai tsabta kashi 2. Ga sabon tsiro ana so lambar ta kasa kai 1 a ma'aunin milisimen. Inda babu na'ura, iri da kansa zai ba da shaida. A shuka ƙwayar tumatir 20 a haɗin da ake tuhuma, wasu 20 a wankakken yashi, a ƙirga waɗanda suka tsiro, a tuge a gwada tsawon saiwa. Takin da bai nuna ba zai tona asirin kansa cikin kwana 10. Farin ɓawon da ke fitowa a bakin leda shi ma alama ce: zafi na ɗauke ruwa ya bar gishirinsa, sai an riƙa yin ban ruwa mai yawa lokaci-lokaci har ya zubo ta ƙasa ya wanke shi.

Daga nan sai babban gwaji na zangon karatu: haɗi huɗu ko biyar, amfani iri biyu, misali tumatir da daƙwara, kowane haɗi a maimaita shi aƙalla sau uku, a jera ledojin ta hanyar ƙuri'a don kada wani haɗi ya mallake inuwa. A nan ɗalibi ke koyon tsara bincike ba tare da an kira shi da sunan da zai tsorata shi ba. Abu ɗaya nake roƙon malamai: a sa su wanke saiwa su duba. Ɗalibai tsawon kara suke so su auna, alhali dogon dashe mai siririn jiki da 'yar saiwa shi ne na farkon mutuwa a fili. Daƙwara da gawo saiwarsu ƙasa take nufa kai tsaye. A gajeriyar leda irin ta ruwan sha sai ta naɗe a gindi, kuma itacen da aka dasa da naɗaɗɗiyar saiwa da wuya ya warware.

7.0 Cuta da zafi

Duk mai reno ya san safiyar da zai tarar da tsirrai sun zube, gindinsu ya tsuke ya yi ruwa-ruwa. Funfunar ƙasa ce, irin su Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, kuma cunkoso da yawan ruwa da rashin iska ne ke ba ta dama. Giram ɗaya na irin tumatir ƙwaya 300 ne ko kusa, kuma wanda ya sayi irin aure na gwangwani ya san kuɗin kowace ƙwaya.

Ranar da ke wahalar da mu ita ce maganin. A 1976 Jaacov Katan da abokan aikinsa suka bayyana hanyar gasa ƙasa da rana: a jiƙa ta, a shimfiɗa ba kauri, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a danne gefuna, a bari mako 4 zuwa 6 a lokacin zafi. Watannin Maris zuwa Mayu na Maiduguri kamar don wannan aka yi su. Amma a faɗa wa ɗalibi ɗaya gefen: zafin na rage halittu masu amfani ma. Daƙwara da gawo da bagaruwa suna ƙulla zumunci da ƙwayoyin da ke yi musu ƙulli a saiwa su samar da naitirojin, don haka bayan gashi yana da kyau a barbaɗa ɗan ƙasar da aka ɗebo daga gindin lafiyayyen itace irinsu.

Baƙar leda a rana tana dafa saiwar da ke jikin bangonta. Rumfar zana mai shigar da rabin haske, da jera ledoji a matse, da kare layin gefe da ƙasa ko buhu, duk suna cikin darasin ƙasar reno, domin haɗi mai kyau a leda mai zafi ba ya tsinana komai. Mako biyu kafin dashe a janye inuwar a hankali, a rage ruwa, tsiron ya saba da abin da zai tarar.

8.0 Lokaci da maki

Abin da ya fi kayan aiki wuya shi ne kalanda. Ruwan Maiduguri daga Yuni zuwa Satumba yake, kuma itacen da za a dasa a Yuli sai an shuka shi tun Maris ko Afrilu. Takinsa kuwa sai an tara tun Disamba ko Janairu. Renon kayan lambun rani a Satumba da Oktoba ake yi. Tumatir na son mako 4 zuwa 5 a komi, albasa mako 6 zuwa 8. Ƙwayar darbejiya ba ta jira, cikin 'yan makonni take mutuwa. Zangon karatu bai san da wannan ba, yakan fara ya ƙare yadda ya samu, hutu ya faɗo a tsakiyar reno, a dawo a tarar da busassun ledoji.

Mafita ita ce gandun renon makaranta ya zama mai aiki duk shekara, da ma'aikaci tsayayye da tankin ruwa, kowane aji ya karɓi aiki daga inda na gabansa ya tsaya: waɗannan su tara taki, na bayansu su haɗa su auna, na bayansu su shuka. Littafin gandun, inda ake rubuta asalin kowane tuli da sakamakon awonsa, ya zauna a wurin. Cikin 'yan shekaru makarantar za ta mallaki bayanin kayan haɗin Maiduguri da babu shi a kowane littafin da muke koyarwa da shi. Ɗaliban jami'a da ke shekarar aikin gona, da na kwaleji da ke fita horon SIWES, su ne za su riƙe gandun a lokacin hutu. Dashen da aka samu a sayar, kuɗin ya koma sayen leda da iri.

Maki kuma ya bi aikin, domin ɗalibi abin da ake ba maki yake ɗauka da gaske. Shawarata ita ce a jarrabawar aikin hannu a ajiye wa kowane ɗalibi haɗi uku da bai san abin da ke cikinsu ba, da gora da kofin awo da ruwa, a ba shi sa'a ɗaya. Ya faɗi wanda zai zuba wa irin tumatir a tire, wanda zai cika ledar daƙwara da shi, da wanda zai ƙi gaba ɗaya, ya kawo lambobin da ya dogara da su, sannan ya faɗi abin da zai ƙara wa wanda ya ƙi ɗin don ya gyaru. Wani kaso na makin zangon kuma a ɗora shi a kan adadin dashensa da ke raye wata uku bayan an kai su fili.